Filin Tambaya da Amsa: Waya na ƙara a Tahoua, amma Yamai ba ta jin kowa

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin fataucin albasa da wake. Babban biro yana Yamai, a nan Tahoua muna da reshe da sito. Uwar wayoyinmu, wato kwamfutar da ke haɗa kiran duk wayoyin kamfani, FreePBX ce, tana Yamai, adireshinta 192.168.10.5, kuma duk kayan can suna rukunin 192.168.10. Mu nan muna rukunin 192.168.20, da wayoyin girke guda huɗu ƙirar Yealink. Na haɗa biro biyun da VPN na WireGuard, wato rufaffen bututu ta cikin intanet, a kan rautocin MikroTik. Yamai na da layin fiba mai tsayayyen adireshi, mu kuwa 4G muke amfani da shi. Wayoyin sun yi rajista, idan an kira suna ƙara. Amma mu muna jin mutanen Yamai, su ba sa jin mu, kuma bayan kamar rabin minti sai kiran ya yanke da kansa. Wani abokina ya ce in bar VPN ɗin, in buɗe ƙofa ta 5060 da ta 10000 zuwa 20000 a rautar Yamai, wayoyin su bi ta intanet kai tsaye. Alhaji ya fara cewa an ɓata masa kuɗi, a koma kiran salula. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Tahoua

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Muna lafiya, Allah ya saka. Kafin komai, kada ka buɗe ƙofofin nan ko na wuni ɗaya, dalilin yana tafe. Sannan ka je ka kwantar wa Alhaji da hankali, kuɗinsa ba su ɓata ba. Babban aikin ka riga ka gama shi: ka ba kowane biro rukunin adireshinsa daban, bututun VPN ya tsaya, wayoyi suna rajista daga nisan kusan kilomita 550. Idan alamomin da ka lissafa haka suke, abin da ya rage maka layi biyu ne na rubutu a cikin uwar wayoyin. Amma ba na so ka rubuta su ba ka san dalili ba, domin gobe idan aka buɗe reshe a Galmi ko Birnin Ƙonni, ciwon nan zai sake dawowa, kuma kai za a nema.

Kiran waya ta intanet aiki biyu ne. Tunda cikin ƴan albasa kake, ka san ciniki daban, ɗaukar kaya daban. Dillali ke kai magana tsakanin mai saye da mai sayarwa har a daidaita, a rubuta a takarda inda za a sauke kaya, sannan mota ta ɗauki buhuna ta nufi inda takardar ta ce. In aka rubuta wurin da ba shi ba, ciniki ya faɗa, an yi musabaha, amma kaya ba za su iso ba. Dillalin nan shi ne SIP, wanda ƙa'idarsa da ake aiki da ita yau ta fito a 2002. Shi ke yin rajista, shi ke sa waya ta yi ƙara, shi ke sanar da an ɗauka ko an ajiye, kuma yawanci ta ƙofa ta 5060 yake bi. Motar kuwa ita ce RTP, ita ke ɗauke da muryar kanta. Asterisk, injin da ke ƙarƙashin FreePBX, wanda Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, yana zaɓar mata ƙofa tsakanin 10000 da 20000 a kowane kira. Takardar da ke faɗin inda za a kai murya sunanta SDP, tana cikin saƙon SIP, kuma a cikinta akwai wani ɗan layi da ke farawa da c= wanda ke ɗauke da adireshin. Matsalarka duk a wannan layin take.

Ga yadda abin ke faruwa. Ranar da aka girka FreePBX, an gaya mata abu biyu: adireshin biro na waje, wato na layin fiba, da jerin rukunonin adireshi na cikin gida. Wanda ya girka ta ya rubuta 192.168.10.0/24 kaɗai, domin a lokacin babu maganar Tahoua. Ita kuwa ƙa'idarta ba ta da sassauci: duk wanda adireshinsa ba ya cikin jerin, baƙo ne daga intanet, kuma baƙo adireshin waje ake ba shi. Wannan daidai ne idan da kamfanin tarho take magana. Amma wayoyinka suna isowa ta bututu da 192.168.20, wanda ba ta sani ba, sai ta rubuta musu adireshin fiba a layin c=. Wayar Yealink ba ta gardama, sai ta aika muryarku can. Rautar Tahoua ta duba ta ga adireshin ba na cikin bututu ba ne, sai ta tura muryar ta 4G a fili, ta je ta bugi katangar tsaron Yamai, aka zubar da ita. Ita kuma uwar wayoyin tana aiko muryar Yamai zuwa ainihin adireshin wayarku, wanda ke bi ta bututu lafiya lau. Shi ya sa kuke jin su, su ba sa jin ku.

Yankewar kiran ma daga nan ta samo asali. Idan kun kira daga Tahoua aka ɗauka a Yamai, uwar wayoyin tana aiko saƙon da ake kira 200 OK, tana jiran wayarku ta amsa da ACK, wato ta ce na ji. Wayarku tana amsawa, amma zuwa wancan adireshin na waje da aka ba ta, don haka amsar ba ta isa. Ƙa'idar SIP ta ce a yi ta maimaita saƙon har rabin sakan sau 64, wato sakan 32, in ba a ji amsa ba a katse. Ka riƙe agogo ka gwada, za ka ga kusan kullum a nan yake yankewa. Idan kuma daga Yamai aka kira ku, akwai wani saiti da ke kashe kira idan murya ba ta zuwa daga ɓangare ɗaya, wanda a FreePBX aka saba barin sa a sakan 30. Kunne ba ya bambanta su, duka biyun rabin minti ne.

Maganin: ka shiga FreePBX, ka buɗe Settings, sannan Asterisk SIP Settings. A wurin Local Networks ka ƙara 192.168.20.0/24, ka kuma ƙara rukunin da ka ba bututun kansa, misali 10.10.10.0/24 idan shi ka zaɓa. Ka danna Submit da Apply Config. A nan mutane da yawa suke tsayawa, su gwada, su ga babu canji, su ɗauka ba nan matsalar take ba. Irin wannan saitin ba kullum yake kamawa da sabuntawa kawai ba, sai an tayar da Asterisk gaba ɗaya. Ka bari sai an tashi daga aiki, ka rubuta fwconsole restart. Idan katangar tsaron FreePBX tana kunne, ka shigar da rukunin Tahoua cikin waɗanda ta yarda da su. Mai amfani da Asterisk zalla, ba FreePBX, layin local_net zai ƙara a cikin pjsip.conf. Tsofaffin bayanai da za ka ci karo da su suna maganar localnet da externip a sip.conf, waɗannan na tsohon tsari ne da aka cire daga Asterisk 21 a 2023.

Bayan haka kada ka fara gwaji da kiran Alhaji. Ka ɗauki waya ɗaya a Tahoua ka buga *43. Wannan lambar tana maido maka da muryarka daga uwar wayoyin. In ka ji kanka, kuma kiran ya wuce minti ɗaya bai yanke ba, murya ta je Yamai ta dawo. In kana so ka gani da idonka, ka buɗe sngrep, manhajar da ke nuna saƙonnin SIP, a kan uwar wayoyin, ka yi kira, ka duba layin c= a cikin 200 OK. Dole ka ga 192.168.10.5. Ni ina son wannan ɗan kayan aikin ƙwarai, domin yana kashe musu: ba sai an yi ta cewa laifin rezo ne ko laifin waya ba, adireshin yana nan a rubuce kowa ya karanta.

In ka yi wannan duka abin bai warke ba, to sai a koma kan rautocin. Wanda na fi zargi shi ne sauya adireshi, NAT, a cikin bututu. MikroTik da yawa suna da dokar masquerade da aka rubuta ba tare da an faɗi ta wace mafita za ta yi aiki ba, sai ta riƙa sauya adireshin duk abin da ya wuce, har da mai shiga WireGuard. Ka rubuta pjsip show contacts a cikin Asterisk. Idan ka ga wayoyinka huɗu da adireshinsu na 192.168.20, lafiya. Idan ka ga duka huɗun sun bayyana da adireshi ɗaya na bakin bututu, ana sauya su a hanya. Ka taƙaita dokar ga mafitar intanet kawai, ko ka sa dokar accept a samanta ga duk abin da ke tsakanin rukunonin biyu. Amfanin VPN tsakanin biro da biro ke nan, kowace na'ura ta ga ƴar'uwarta da ainihin adireshinta.

Sai SIP ALG, wani mataimaki da ake sakawa cikin rauta don ya gyara adireshin da ke cikin saƙon SIP. A irin tsarinka babu abin da zai gyara, sai dai ya taɓa abin da yake daidai. A MikroTik yana ƙarƙashin IP, Firewall, Service Ports, da sunan sip. Ka kashe shi a Yamai da Tahoua duka.

Ka kuma duba Direct Media a saitin kowace lamba. Idan yana kunne, bayan an ɗauki kira uwar wayoyin tana janye jiki ta ce wa wayoyin biyu su aika wa juna murya kai tsaye. Wannan yana buƙatar kowace wayar Yamai ta san hanyar Tahoua, ba uwar wayoyin kaɗai ba. A biro da yawa na tarar da wasu na'urori suna fita ta MikroTik, wasu kuma ta modem ɗin kamfanin intanet, wanda bai san akwai wani bututu ba. Shawarata ka kashe shi. Hasarar ita ce idan biro ya kira sito a nan cikin Tahoua, muryar sai ta je Yamai ta dawo, ta ci data ninki biyu. Ga wayoyi huɗu wannan hasara ce da za a iya ɗauka, kuma ta fi ciwon kan kiran da wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Kada ka manta kuma, a MikroTik rubuta rukuni a Allowed Address na WireGuard ba ya samar da hanya da kansa, sai ka ƙara ta a IP, Routes. Na Tahoua ka riga ka yi, tunda rajista na tafiya, amma ranar buɗe sabon reshe za ka buƙaci wannan tunin. Ka ba sabon reshen 192.168.30, kada ka bar shi a 192.168.88 da MikroTik ke zuwa da shi daga kamfani, domin biro biyu masu rukuni iri ɗaya ba sa iya ganin juna.

Yanzu maganar abokinka. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma mai yiwuwa murya ta fito idan ka bi shawararsa. Amma akwai na'urori a duniya da ba su da aiki dare da rana sai laluben ƙofa ta 5060 a duk adireshin da ke intanet. In sun same ta a buɗe sai su fara gwada lambobi, 100, 101, 102, da kalmomin sirri dubu bisa dubu. Da zarar ɗaya ta faɗa, sai su yi amfani da layinku su yi ta kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda su ke cin ribarsu. An taɓa kirana zuwa wani biro a nan Yamai ranar Litinin da safe, bayan an yi musu haka tun daren Juma'a. Kalmar sirrin lambar da aka shiga ta ita, lambar ce da kanta aka maimaita. Kuɗin da aka caje su sai da ya girgiza mai wurin, kuma yaron da ke kula da kwamfutocin, wanda ba shi ya girka tsarin ba, shi ya rasa aikinsa. Har yau abin yana damu na. Ba na so a wayi gari kai ne a wannan matsayi. Bututun da ka gina ƙofa ɗaya tak yake buƙata a Yamai, kuma WireGuard ba ya ko amsa wa wanda ba shi da makulli. Ka riƙe shi. Duk da haka ka ba kowace lamba doguwar kalmar sirri, ka kuma rufe kiran ƙasashen waje ga duk wayar da ba ta buƙatarsa. Wayar sito ba ruwanta da kiran Abidjan, ko da can albasar take zuwa.

Idan murya ta fito, sai maganar kyanta, domin a nan ne Alhaji zai yanke hukunci. Tsarin murya na G.711, wanda a nahiyarmu da Turai ake amfani da nau'insa na alaw, yana cin kilobit 64 a sakan, ana yanka shi ƙunshi 50 a kowane sakan. Da kanun adireshi ya kai 80, da lulluɓin WireGuard ya ɗan haura 100, a kowane ɓangare. Wayoyi huɗu a lokaci ɗaya ba su kai rabin megabit ba. G.729 yana sauko da shi wajen 50, amma muryar ba ta kai ta farko daɗi ba, kuma ni ba na komawa gare shi sai layi ya matse ƙwarai. Ka ga ashe yawan data ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne jinkiri da cunkoso. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba G.114, ta ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai, kuma in ya haura 400 mutane sai su riƙa hawa kan maganar juna. Ka yi ping, wato gwajin auna jinkiri, daga Tahoua zuwa 192.168.10.5 da hantsi, ka sake da yamma lokacin da gari duka ke kan rezo. Lambar da za ka gani ta zuwa da dawowa ce, sai ka raba biyu. In tana tsalle daga 60 zuwa 500, murya za ta riƙa kakkaryewa.

Mafi yawan wannan tsallen daga cikin biro yake fitowa, lokacin da wani ya ɗora bidiyo a WhatsApp ya cika hanyar fita. Wayoyin suna iya yi wa muryarsu alamar fifiko, DSCP 46, amma kamfanonin intanet ba dole su girmama ta ba. Inda kake da iko shi ne rautarka. Ka auna ƙarfin fitar layin, ka ƙayyade shi ƙasa da haka kaɗan a Queues, ka sa adireshin wayoyin huɗu a sahun gaba.

Ƙananan abubuwa uku da za su hutar da kai. Layin 4G yawanci ba ya ba ka adireshin waje naka na kanka, kana bayan babban NAT na kamfani ne, kuma in ka ga adireshin rautar yana tsakanin 100.64 da 100.127 ka tabbata haka ne. Starlink, da ta fara aiki a Nijar a 2025, ita ma haka take ba talakan mai amfani. Don haka Tahoua ce za ta riƙa neman Yamai, kuma ka sa Persistent Keepalive a sakan 25 don kada hanyar ta rufe in an yi shiru. Na biyu, bututun WireGuard ƙunshin da bai wuce bayit 1420 ba yake ɗauka a bisa al'ada, kuma saƙon fara kira yana kumbura idan an kunna tsarin murya barkatai, don haka ka bar biyu kawai. Na uku, sabuwar waya ba za ta gano uwar wayoyin da kanta ba, domin kiran neman da take yi ba ya tsallake rukuninta. Ko ka rubuta adireshin da hannu, ko ka sa shi a zaɓi na 66 na DHCP, mai raba wa kayan biro adireshi, a rautar Tahoua.

Sai wuta. Ka san yadda Afrilu da Mayu suke mana. Rauta, modem da suwic ɗin da ke ba wayoyin wuta su hau batiri ɗaya ko sola, kuma kada a kulle su cikin akwatin ƙarfe marar iska. Ka gaya wa Alhaji tun yanzu cewa in wuta ta ɗauke a biron Yamai babu batiri, wayoyin Tahoua ma sun mutu, ko da ku kuna da wuta. Salula ɗaya ta biro ta zauna da kuɗi a ciki saboda irin wannan ranar.

Tambaya

Malam, ina wuni. Ni ce mai riƙe da lissafin kuɗi a wani kamfani a nan Yamai, kuma ina yawan tafiya Maraɗi da Agadez. Za a iya sa lambar tebur ɗina ta riƙa shigowa salulata idan ina hanya? Mai kula da na'urorinmu ya ce sai an saya mini wata waya.

Hajiya, daga Yamai

Amsa

Lafiya lau, Hajiya, ranki ya daɗe. Ba sai an sayi waya ba, hanya biyu ce. Ta farko, a sa miki manhajar WireGuard a salularki da makulli naki ke kaɗai, sannan a sa manhajar kira irin Linphone ko Zoiper da wata lamba ta biro. Ki gaya wa mai kula da na'urorin ya tabbata rukunin adireshin da VPN ke ba salula yana cikin jerin na cikin gida a uwar wayoyin, in ba haka ba za ki faɗa cikin matsalar da ɗan'uwanmu na Tahoua ya kawo. Ya kuma taƙaita makullin ga adireshin uwar wayoyin kaɗai, yadda in salular ta ɓata a tasha zai goge makulli ɗaya, sauran kwamfutocin lissafi ba su shiga hatsari ba.

Wannan hanyar tana da kyau wajen kiran da ke za ki yi. Wajen karɓa kuwa tana da rauni, domin salula tana kwantar da manhajar da ba a taɓa ba don tanadin batiri, sai a kira ki ba ta yi ƙara ba. A Android ana iya cire manhajar daga tanadin batiri, a iPhone abin ya fi wuya. Ga kuma hanyar Agadez, inda data ke ɓacewa a wurare masu nisa alhali kiran salula na yau da kullum yana shiga.

Don haka ga mai tafiya irinki na fi son ta biyu. A FreePBX akwai saitin Follow Me: wayar tebur ta yi ƙara na sakan 15 ko 20, in ba a ɗauka ba kiran ya wuce lambar salularki. Babu manhaja, babu VPN, babu data. Kuɗin wannan kiran na biyu daga layin kamfani zai fita, don haka ki sanar da maigidan kafin a kunna, kuma a sa a kashe shi ranar da kika dawo biro.